Buroshe, sarkin tabkunan Turai: mai son kama babba sai ya koyi sakinsa

Ran 16 ga watan Oktoba na shekarar 1986, wani Bajamushe mai suna Lothar Louis ya jawo wani kifi daga wani tabki kusa da ƙauyen Greffern, a bakin kogin Rhin, daf da iyakar Faransa. Kamar yadda ake ba da labarin, da kifin ya iso gaɓa sai mutumin ya rasa yadda zai fid da shi, don haka ya cusa hannuwansa ta wurin numfashinsa ya ɗago shi, haƙora na yagar masa yatsu. Da aka ɗora shi bisa sikeli, ya yi kilo 25 cif. Ƙungiyar IGFA, mai mazauni a Florida ta ƙasar Amurka, wadda ke rubuta manyan kifayen da aka kama da fatsa a duniya, ta sa shi a littafinta a matsayin mafi nauyi a cikin irinsa, kuma an yi fiye da shekara 30 ba a goge sunan ba.

Wannan kifi shi ne buroshe, kamar yadda Faransawa ke kiransa. Masuncin Gaya ko na Ayoru, in ya ji ana ta hayaniya a kan kilo 25, ƙila murmushi zai yi, domin ya san giwan ruwa da ke ninka wannan sau uku. Amma a Turai akwai mutane da yawan gaske, ma'aikata da ƴan kasuwa da tsoffin soja, waɗanda suke ƙare rayuwarsu a bakin ruwa ba su taɓa riƙe buroshe mai kilo 10 ba. Ƴan fatsa na Faransa suna da ma'auninsu: kifin da ya kai metir guda. Wanda ya kama shi sau ɗaya, ya sami labarin da zai ba jikoki. Yadda ake neman irin wannan kifi, da abin da neman ya koya wa Turawa bayan sun yi ɓarna mai yawa, abu ne da ya cancanci a tsaya a duba.

Kifin da ke kwanton ɓauna

Buroshe kifin ƙasashen sanyi ne. Yana cikin koguna da tabkunan Turai, da Siberiya, da Kanada, da Alaska, da arewacin Amurka. A zamanin mulkin mallaka an kai shi wasu tabkuna na duwatsun Maroko, amma ruwan Sahel ya fi ƙarfinsa zafi. Dogo ne, koren jiki mai ɗigo-ɗigon rawaya, bakinsa a baje kamar na agwagwa, cike da haƙora ɗaruruwa masu karkata zuwa ciki, ta yadda abin da ya shiga ba ya komawa. Fiffiken bayansa yana can kusa da wutsiya, shi ya sa yake iya zabura daga tsaye kamar an harba kibiya. Wanda ya san tsage na kogin Kwara ya san irin halin, sai dai tsage mai kora ne, buroshe kuwa mai jira. Yakan laɓe cikin ciyawar ruwa, ko ƙarƙashin itacen da ya faɗi, ya daɗe bai motsa ba, har abinci ya zo wucewa. Yana cin kifi, da kwaɗi, da ƴan tsakin agwagwa, kuma ba ya ƙin ɗan'uwansa in ya fi shi girma. Wannan hali na cin ƴan'uwa yana da amfani, za a ga dalili nan gaba.

Abu na farko da mai neman babban buroshe ya kamata ya sani shi ne, duk wani ƙato da aka ɗauka hoto da shi mace ce. Namiji da wuya ya wuce kilo 5 ko 6. Macen ce ke ci gaba da girma shekara bisa shekara, kuma kafin ta kai metir guda takan ɗauki shekaru da dama, gwargwadon ruwan da take ciki da abincin da take samu. Masana na karanta shekarunta a ɓawon jikinta ko a wani ƙashi na bayan kai, kamar yadda ake ƙirga zoben itace. Kaɗan ne ke wuce shekara 15.

Da yake kifi ne mai ban tsoro, tatsuniya ta bi shi. Mafi shahara ita ce ta buroshen da aka ce an kama a Jamus a 1497, da zoben tagulla a jikinsa mai rubutun cewa sarki Frederik na Biyu ne ya saka shi a ruwa a 1230. Wato shekararsa 267, tsawonsa kuma kusan metir 6. An daɗe ana nuna ƙasusuwansa a birnin Mannheim, har ranar da aka duba da kyau aka tarar ƙashin bayan na kifaye da yawa ne aka jera. Ƙaryar masunci, ashe, ba ta da ƙasa.

Inda manya ke kwana

Ba kowane ruwa ke fid da babban buroshe ba, kuma a nan ne gwani ke rabuwa da ɗan koyo. Ƙaramin tabki mai ciyawa yana iya cika da ƙanana, amma uwa mai kilo 15 tana bukatar abinci mai maiƙo, mai yawa, wanda ba sai ta wahala ba kafin ta samu. Saboda haka manyan sukan fito daga wurare iri uku ko huɗu. Akwai manyan tabkuna masu zurfi irin Leman, tsakanin Faransa da Suwis, inda garken kifaye ke yawo a tsakiyar ruwa. Akwai tabkunan Ailan masu ruwan farar ƙasa. Akwai gaɓar tekun Baltik, a Siwidin da kewayen tsibirin Rügen na Jamus, inda ruwan bai cika gishiri ba, buroshe na iya zama a ciki ya ƙoshi da kifin teku. Sa'an nan akwai madatsun ruwa na Birtaniya da ake zuba wa kifin kiwo don masu fatsa, buroshe kuwa ya mai da su rumbunsa. A irin wannan madatsa ce, Llandegfedd ta yankin Wels, Roy Lewis ya kama mai kilo 21 da ɗan ɗoriya a 1992, wanda ya riƙe kambin Birtaniya fiye da shekara 30.

Sanin tabki bai isa ba, sai an san lokaci. Da sanyi ya fara ja da baya, daga Fabrairu zuwa Afrilu gwargwadon ƙasa, ruwa ya kai digiri 6 zuwa 10, buroshe kan bar zurfi ya hau fadamun da ambaliya ta rufe, ya zuba ƙwai a kan ciyawa, a ruwan da wani lokaci bai kai gwiwa ba. Wannan shi ne lokacin da uwa ta fi nauyi, kuma ta fi sauƙin samu, shi ya sa doka ta fi tsananta a kansa. Bayan haihuwa takan zauna kusa da gaɓa ta ci ta mai da jiki. Da zafi ya shigo, ƙanana su tsaya cikin ciyawa, manya kuwa su nemi ruwa mai sanyi: bakin gangare inda ƙasa ke faɗawa zurfi, tudun da ke nutse a tsakiyar tabki, ko ƙarƙashin garken ƙananan kifaye. Daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da kifayen abinci ke taruwa wuri guda don sanyi, shi ne kakar masu neman manya.

A kogi lissafin ya bambanta kaɗan. Buroshe ba ya son kokawa da igiyar ruwa. Yana zama inda ruwa ke juyawa a hankali: bayan ƙafar gada, ƙasan madatsa, bakin wani reshe da ya mutu, mahaɗar ƙaramin kogi da babba. Yana fuskantar abin da gudu ke kawowa. In kogi ya yi ambaliya ya yi jajir, sai a neme shi a lungunan gaɓa inda ƙananan kifaye ke fakewa. Duk Basorken da ya taɓa neman giwan ruwa a gurbin dutse zai gane wannan magana ba tare da tafinta ba.

Gwanaye na ƙara da wasu alamu: iskar da ke tura ruwa zuwa wata gaɓa tana tura abinci can, ranar hadari ta fi ranar da sama ta yi tas, tsuntsayen da ke nitso a wuri guda suna nuna garke. Amma gaskiyar da ba a cika faɗa a mujallun kayan fatsa ba ita ce, babbar uwa ba kullum take ci ba. Tana iya haɗiye kifi guda mai nauyi ta kwanta kwanaki. Mai nemanta yakan yi wuni goma bai ji ko motsi ba.

Koto, waya da haƙuri

Hanyoyin kamu ba su da yawa. Ƴan Ingila sun fi yarda da mataccen kifi, irin su sardin da sauran kifin teku mai wari da maiƙo, a ajiye shi a ƙasan ruwa ko a rataye shi ƙarƙashin abin da ke yawo a sama, a zauna a jira. Dalilinsu shi ne tsohuwar uwa ta fi son abin da ba zai gudu ba. Wasu na amfani da kifi mai rai, ko da yake ƙasashe kamar Jamus da Ailan sun hana. Mafi yawa a yau suna jifa da koton ƙarya: cokalin ƙarfe mai walƙiya, ko kifin katako, ko na roba mai laushi wanda tsawonsa kan kai santimetir 20 zuwa 30. Ɗan koyo yakan ga girman koton ya ce wasa ne, alhali buroshe na iya afka wa kifin da ya kai sulusin tsawonsa ko fiye. A manyan tabkuna kuma ana jan koto a bayan jirgi a hankali, a zurfin da garke yake.

Abu guda ba a jayayya a kansa: tsakanin zare da ƙugiya dole a sa ƴar waya ta ƙarfe, ko wani zare mai kauri ƙwarai, in ba haka ba haƙora su yanke shi, kifin ya tafi da ƙugiya a maƙogwaro ya mutu a banza. Sai babbar koma ta ɗaukowa, da doguwar filaya ta cire ƙugiya, da shimfiɗa mai laushi da ake kwantar da kifi a kai.

Na'ura ta shigo cikin al'amarin. An daɗe ana amfani da mai auna zurfi da amo, wadda ke nuna ƙasan tabki da garken kifi. Amma tun 2018, da kamfanin Garmin ya fito da LiveScope, mai jirgi na iya ganin kifi guda yana motsi a gabansa a kan allo, ya jefa masa koto a baki, ya ga yadda ya juyo. Tsoffin masunta na cewa wannan ya zama harbi, ya daina zama su. Damuwar da ta fi wannan ita ce, uwayen da suka tsira shekara da shekaru saboda suna tsakiyar ruwa inda ba mai ganinsu, yanzu ba su da maɓoya.

Abin da tabkin Windermere ya nuna

Shekaru da yawa Turawa na kallon buroshe a matsayin ɓarawo mai cinye kifin da ya fi shi daraja. Wanda aka kama a kashe shi, babba a busar da kansa a kafa a bango, ƙarami a kai kicin. Yana da ƙaya masu reshe biyu da ke wahalar da mai ci, shi ya sa mutanen Lyon suke niƙa namansa su yi ƴan curi da shi, abincin da garin ya yi suna a kai.

A Windermere, tabki mafi girma a Ingila, masana sun fara kama buroshe da raga kowane lokacin sanyi tun 1944, da nufin rage shi. Ragar tana kama manya ne kawai, ƙanana na wucewa. Da yake sun auna kowane kifi sun rubuta, shekara bayan shekara, sai aka sami lissafin da ba kamarsa a duniya. Binciken da aka buga a 2007 daga waɗannan takardu ya nuna abu biyu na ja da juna: a bar ruwa da halinsa, kifi mai saurin girma ne ke tsira, amma raga tana zaɓar wannan mai saurin girman ta cire shi, ta bar masu jinkiri su haihu. Makiyayin da ke yanka manyan shanunsa kullum ya bar tsumangu, ya san irin garken da zai samu nan da shekara goma.

Ga kuma lissafin ƙwai. Uwa mai kilo 10 tana zuba ƙwai fiye da 100.000 a shekara, ninkin abin da ƙarama ke zubawa sau da yawa. Sa'an nan ita ce ke cin ƙananan ƴan'uwanta. An sha gani a tabkunan da aka kwashe manya, ƙanana su yi yawa, su cinye ƴaƴan sauran kifaye, ba kuwa wanda ke girma. Wanda ya so rage buroshe ta hanyar kashe manya, sau da yawa ƙara shi yake.

A Faransa wata masifa ce ta fi raga ɓarna. An miƙe koguna, an gina musu shinge, an janye ruwan fadamu don noma, madatsu kuma suna sauke ruwa a lokacin da suka ga dama. Buroshe na bukatar ciyawa ta zauna cikin ruwa wajen wata ɗaya da rabi zuwa biyu, kafin ƙwai su ƙyanƙyashe ƴaƴa su iya komawa kogi. In ruwan ya janye da wuri, haihuwar shekara ta bushe a kan ciyawa. Dalili ke nan da jerin halittun da ke cikin haɗari na Faransa, na 2010 da na 2019, ya sa buroshe cikin masu rauni. Ƙungiyoyin ƴan fatsa na ƙasar, masu mambobi wajen miliyan ɗaya da rabi, suna kashe kuɗin katinsu wajen sake buɗe wa ruwa hanya zuwa tsoffin fadamu.

Dokoki sun biyo baya, kuma sun juya tsohon tunani. A da doka na cewa kada a kashe ƙarami, babba kuwa halal ne. A 2006 Ailan ta ce mutum guda, buroshe guda a rana, kuma wanda ya wuce santimetir 50 a mai da shi ruwa. A 2010 Siwidin ta ce a mafi yawan gaɓarta ta Baltik ba a ɗaukar fiye da uku a rana, kuma sai wanda ke tsakanin santimetir 40 da 75. A 2016 Faransa ta ƙayyade biyu a rana a yawancin ruwayenta, ban da rufe kamu daga ƙarshen Janairu zuwa ƙarshen Afrilu, kuma wasu jihohinta sun bi sawun Siwidin wajen kare manya. Duk da haka gyaran bai zo da wuri ko'ina ba: a kewayen Rügen, binciken da masanan Jamus suka yi daga 2019 zuwa 2023 ya tabbatar da abin da masu jirage ke kuka da shi, cewa manya sun ragu.

Don haka mai neman babban buroshe a yau, in ya yi sa'a, abin da zai kai gida hoto ne. Yakan jiƙa hannu, ya kwantar da kifin, ya cire ƙugiya, ya auna, ya riƙe shi cikin ruwa har ƙarfinsa ya komo, ya sake shi. Ga wanda ya san tsadar kifi a kasuwar Yamai, wannan na iya zama kamar wasan masu ƙoshi, kuma akwai gaskiya a ciki: mai jin yunwa ba ya sakin kilo 15. Amma ɗan kasuwa zai ga wani lissafi. Kifin da aka kashe sau ɗaya ake sayar da shi. Wanda aka saka, ana iya kama shi baɗi, kuma saboda shi baƙo zai biya kuɗin jirgi, da ɗan jagora, da masauki, da abinci. Akwai ƙauyuka a Ailan da Siwidin da wani ɓangare na cinikinsu ya dogara ga uwayen da ba wanda zai ci.

Giwan ruwa ma uwa ce

Buroshe ba ya ruwan Nijar, amma matsayinsa yana da mai riƙe da shi: giwan ruwa, wanda ake rubutawa kapiten a takardar gidajen abinci. Shi ma mafarauci ne da ke saman sauran kifaye, shi ma manyansa galibi mata ne, shi ma yana bukatar shekaru da ruwa mai zurfi. Wanda IGFA ta rubuta ya yi kilo 104, an kama shi a tabkin Nasser na Masar a watan Disamba 2000. A can, da kogin Faro na arewacin Kamaru, baƙi na biyan kuɗi mai yawa su kama shi su sake shi, daidai yadda ake yi wa buroshe.

Tabkin Cadi ya nuna abin da ke faruwa in ruwa ya tafi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilometir 25.000, a tsakiyar shekarun 1980 bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Kifayen buɗaɗɗen ruwa, har da giwan ruwa, suka ja baya, tarwaɗa da karfasa masu jure fadama suka cike gurbi. A kogi kuma ragar mai ƙananan idanu, har da gidan sauro da aka mai da taru, tana kwashe ƴaƴa kafin su san ruwa, babba kuwa duk inda ya ɓulla an san kuɗinsa.

Abin lura shi ne, dabarar da Turai ta gano da littafin awo, Kabawa sun riga sun san ta. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, bikin da UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2016, yankin Matan Fada a rufe yake ga masunta sauran kwanakin shekara, ƙarƙashin idon sarkin ruwa. Ana buɗe shi ne ranar biki, dubban mutane su faɗa da homa da gora na ɗan lokaci, sa'an nan a sake rufewa. A bikin 2020, kifin da ya zo na ɗaya ya yi kilo 78.